Shari'ar Masu Gemu a Kafaɗar Zanƙaram

Shin ka taɓa ganin an gurfanar da bishiya a gaban alƙali, an karanta mata laifinta, an tambaya ko akwai mai tsaya mata? In ba ka taɓa gani ba, gyara zama. Ni na gani da idona, kuma saura ƙiris a yanke mini hukunci tare da ita.

Da sunan wanda ya kafa duwatsu turakun ƙasa, ya rataye gajimare ba da igiya ba, ya nuna wa ruwa hanyar gangare tun ba a yi mai ƙishi ba. Ni ce Tasalla, 'yar garin Dabaro a ƙasar Tamburma, can bayan hamadar gishiri, inda matafiya kan juya jakunansu su ce duniya ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Bayan hamadar akwai garinmu, bayan garinmu akwai dajin da ba mai shi, a tsakiyar dajin kuma Zanƙaram ne a tsaye: ƙafarsa cikin ƙaya, ƙugunsa cikin gora, kafaɗarsa cikin gajimare, kansa fari fat da ƙanƙara rani da damina.

Dabaro ba kogi, rijiyoyinmu kuwa ruwan zartsi ne. Duk garin da marmaro ɗaya muke rayuwa, Idon Tsohuwa, wanda ke fitowa daga tsagar dutse a gindin Zanƙaram. Lokacin da na tafi karatu Birnin Hasumiyoyi, makarantar sanin ƙasa da sama, yara har iyo suke yi a bakinsa. Da na dawo, kaina cike da dabaru kamar buhun da bakinsa ya ƙi ɗauruwa, na iske tuluna jere a rana, ruwan yana zuba siriri kamar zare.

Mutanenmu sun daɗe da sanin mai laifi, a ganinsu. Kullum da yamma gajimare yakan ɓullo ta wata tsaga a kafaɗar dutsen, ya doso gari. Sai ya iske wasu manyan itatuwa masu gansakuka a rataye a rassansu kamar gemun tsofaffi, ya shiga cikinsu da kauri, ya fito sharara, kafin ya iso kanmu ya ɓace. Kowa na gani daga ƙofar gidansa. Shi ya sa aka ce Masu Gemu ɓarayin ruwa ne. Amma mu mutanen Dabaro ba ma zalunci, ko ga itace. Duk shekara alƙali yakan hau dutsen da masu gatari, a yi wa kurmi ɗaya shari'a yadda ya kamata, sannan a sare shi. Da sassafe ake yi, a sauko kafin rana ta karkata, don duk wanda gajimaren ya rutsa da shi a can hanya takan ɓace masa ya faɗa kwazazzabo.

Sarkin masu gatari kuwa kawuna ne, Jatau, wan mahaifiyata. Na same shi a rumfa yana wasa gatari, ɗansa Cindo, taubashina, ƙaton gaske mai yatsa shida a hannun dama, yana zuba masa ruwa a kan dutsen washi ɗigo-ɗigo.

"Kawu, ku dakata da saran bana," in ji ni. "Na san inda cutar take."

Bai ɗaga kai ba. "'Yar nan, ko kayanki ba ki kwance ba."

"Marmaro irin namu daga ƙanƙarar sama yake fitowa, haka muka karanta. Wani abu ne ya toshe masa hanya a can bisa. In na hau na buɗe, ruwa ya dawo."

Cindo ya yi dariya har ruwan ya ƙwace masa. "Baba, ka ji baiwar gidanmu. An aike ta birni koyon karatu, ta dawo za ta yi wa dutse sakiya."

"Kai da yatsa shida har yau ba ka iya ƙirga awakin gidanku ba," na ce masa.

Kawu ya shafa bakin gatarin da babban yatsa. "Kurmi ɗaya ya rage. Wata na tsayawa alƙali zai hau. In mun sare, ruwa ya dawo, falillahil hamdu. In bai dawo ba, kowa ya ɗaure kayansa, Dabaro ta tashi." Ya dube ni a karon farko. "Je ki hau, tunda ƙafarki na ƙaiƙayi. Cindo, bi ta, kada ta faɗa rami tana kallon sama."

Haka muka kama hanya, ni da igiya da diga da ɗoki, shi da tukunya da wake da wani farin buzun rago da ya rantse ba zai hau dutse ba sai da shi.

Ka san abin da ya fi burge ni a jikin Zanƙaram? Hawansa kamar ratsa ƙasashe ne a tsaye. A gindinsa zafi yake kamar bakin maƙera, ƙaya da kunama da jar ƙasa. Muna ɗan yin sama ƙayar ta ƙare kamar an ja mata layi, iska ta yi laushi, muka shiga kurmin gora. Gorar nan ƙwari sun huda ta ko'ina, iska na ratsawa sai kowane kara ya zama sarewa. Busa ta gaba, busa ta baya, busa ta ƙarƙashin ƙafa. Ganye ya rufe rana, kai ya juye, muka yi ta tafiya muna dawowa kan sawunmu.

"Malama," in ji Cindo, "a wane shafi aka rubuta hanyar fita?"

Na tuna abu ɗaya da ba ya ruɗewa ko da kai ya ruɗe. Na ciro goruba daga jaka na ajiye a ƙasa. Ta yi jim, sannan ta gangara hagu. "Inda ta nufa can ne ƙasa," na ce. "Mu kuma sama za mu." Duk inda muka yi shakka sai mu ajiye ta, mu ba ta baya. Da haka muka fito. Muna fitowa Cindo ya ɗauki jagoran namu ya gatsa.

"Ta gama aikinta," in ji shi.

Sama da gora muka tarar da filin da ake kira Makabartar Itace. Kututture ne iya ganin ido, tsoffi sun yi toka-toka, sababbi da sauran ja a jikinsu, tsakaninsu ƙananan magudanai busassu cike da tsakuwa. Cindo yana tafe yana nuna mini, wannan saran kakanmu ne, wancan na Baba, bana kuma shi za a ba sara na farko. A ƙarshen filin kurmin da ya rage yake, itatuwa gajeru masu kauri, sun karkata duk gefe guda kamar tsofaffin da ke sauraron hira. Da hantsi muka ratsa su. Na kama gemun ɗaya, ya murmushe a hannuna kamar busasshiyar rama.

"Saki gemun ɓarawo mu wuce," in ji Cindo, "kafin abokin cinikinsa ya iso."

Gaba kaɗan ga tsagar da gajimaren ke bi, Ƙofar Iska. Bango biyu ne na baƙin dutse, hanyar hawa kuma dole ta gitta bakinta. Iskar da ke fitowa daga ciki na ga ta ɗauki dutse kamar tukunya ta yi wurgi da shi. Cindo ya ce a cika jaka da duwatsu a ja ciki. Na ce iskar da ta ɗauki tukunya ba za ta ƙi tulu ba. Muka laɓe muna kallo. Sai na lura da wasu 'yan tsuntsaye masu jan ƙirji, sun taru a gefenmu sun yi shiru. Can, ba gaira ba dalili, duk suka tashi suka gitta. A daidai lokacin iskar ta ɗauke, kamar mai gudu ya tsaya jan numfashi, sannan ta dawo da ƙarfinta.

"Ashe numfashi take yi," na ce. "Su sun san lokacin. In sun tashi mu tashi."

Wani gungun ya taru. Suna buɗe fiffike muka zura. Ban taɓa sanin Cindo na da gudu ba sai ranar, tukunya na kaɗa masa ganga a baya. Ƙafata ta ƙarshe na taɓa tsallake iskar ta dawo ta tafi da ɗankwalina, ina jin har yanzu yana can yana yawo a sama.

Da yamma muna can bisa, muka leƙa ƙasa, na ga abin da ba malamin da ya taɓa faɗa mini: gajimare a ƙarƙashin ƙafata. Yana kwararowa ta Ƙofar Iska kamar nono daga ƙwarya, fari, mai kauri. Ya bi kan Masu Gemu ya lulluɓe su. Ta ɗaya gefen ya fito kamar tsumma.

"Kin gani ko?" in ji Cindo. "Ƙiri-ƙiri suke sata, ba kunya."

Na saɓa igiyata. Na ce mu ci gaba.

Daga nan ƙasar ta zama wata duniya. Ba itace, sai wasu tsirrai masu kama da tulu a kan turmi, da rana su buɗe ganye, sanyi na saukowa su dunƙule kamar hannun marowaci. Rana na ƙona goshi, inuwa na cizon ƙashi, taku ɗaya ne tsakaninsu. Iska ta yi ƙaranci, in ka yi magana mai tsawo sai ka zauna ka huta, abin da Cindo ya ce shi ne alheri na farko da dutsen ya yi masa. Muka hura wuta da busassun ganyen tsirran nan muka ɗora wake. Ruwa ya tafasa nan da nan, yana ɓararraka, amma waken ya ƙi nuna. Aka ƙara wuta, aka ƙara ruwa, wake na nan kamar tsakuwa.

"Ko a nan iska ba ta da nauyin danne ruwan ne, shi ya sa yake tafasa tun bai yi zafi ba?" na ce, ina tsalle a zaune. "Cindo, ka san abin da wannan ke nufi?"

"Yana nufin yunwa," in ji shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Muka taka ƙanƙara, muka ja jiki, muka isa tsororuwar Zanƙaram. Wanda bai tsaya a nan ba bai san faɗin duniya ba. Ta yamma, kore shar har bakin wani teku mai ƙyalli, hadari na zuba a kan dajin da ba ɗan Adam, koguna na walƙiya a cikinsa kamar azurfa. Ta gabas, ja wur, ƙasarmu ce, Dabaro kamar ƙwayar gero a kan faifai. Dutse ɗaya, fuska biyu. Iskar teku takan taho da ruwa, ta ci karo da bayan Zanƙaram, ta sauke kayanta duka a can. Ɗan abin da ya rage shi ke silalowa ta Ƙofar Iska.

Na zaga neman hanyar ruwan da ta toshe. Babu ita. Kan dutsen a karkace yake zuwa yamma, duk ƙanƙarar da ta narke can take bi, gefenmu kuma bango ne na dutse wanda digata ta sara sau ɗaya bakinta ya lanƙwashe. Ko ɗigo ɗaya na ƙanƙarar nan bai taɓa zuwa Idon Tsohuwa ba. Na zauna a kan igiyata.

Cindo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon garin. "To daga ina ruwan yake zuwa?"

"Ban sani ba."

"Tashi mu sauka. In kin daskare a nan, wa zan riƙa tsokana?"

Muna saukowa kan ƙanƙara, shi a gaba ya duƙa cikin farin buzunsa, inuwa ta rufe mu kamar an ja rumfa. Mikiyar Zanƙaram ce, fiffikenta ɗaya ya isa jinkar ɗaki. Ta ga farin rago mai ƙiba yana tafiya shi kaɗai a fili. Kafin in buɗe baki ta sure shi, ƙafafunsa na harbin iska.

"Kwance igiyar wuyan," na ƙwala masa.

"Buzun kakana ne."

"Cindo, kwance."

Ya kwance. Mikiya ta yi sama da buzu, shi ya yo ƙasa ya nutse cikin tarin ƙanƙara mai laushi har ƙugu. Na tono shi da digar da ba ta yi wa dutse komai ba. Rai na nan, amma idon sawunsa ya gurɗe, ya kumbura kamar gwanda.

Wannan gurɗewar ita ta jinkirta mu. Da kyar muka gitta Ƙofar Iska, yana dafe da kafaɗata, tsuntsaye na mana jagora. Ba mu isa kurmin Masu Gemu ba sai da rana ta karkata. Sanyi ya bugo bayanmu. Muka waiwaya, ga farin bango yana tahowa.

"Shi ke nan," in ji Cindo. "Ki ce wa Baba na mutu a bakin aiki."

Na ja shi gindin wata babbar bishiya muka zauna, don wanda bai taka ba ba ya faɗawa rami. Gajimaren ya rufe mu, ko tafin hannuna da kyar nake gani. Sai wani abu ya ɗiga a wuyana. Ya ƙara ɗiga. Kafin ka ce kwabo, ruwa ne ke sauka a kanmu, yaf-yaf-yaf, kamar yayyafin farkon damina. Na ɗaga hannu na kama gemun da ya murmushe mini a hawa. Ya kumbura, ya yi laushi, kowane silinsa da ƙwayar ruwa a baki. Na rarrafa taku kaɗan zuwa fili, wajen kututture. Gajimaren nan dai, sanyin nan dai, amma ƙasa busasshiya, ba ɗigo. Na koma gindin bishiya: ruwa. Na fita: babu. Na yi ta shiga da fita kamar zararriya.

"Cindo, ba sha suke yi ba, tatsa suke yi. Gajimaren nan ba ya zubar da ruwa da kansa, ya yi sauƙi da yawa. Sai ya gogi gemun nan ruwan ke taruwa ya ɗiga. Kasa kunne."

A ƙarƙashin ganyayen da muke zaune, cikin tsagogin dutse, ruwa na ƙugi yana gangarawa.

Cindo ya ɗago kai. Ya juya wajen da Makabartar Itace take, ko da yake ba a ganin komai. "Yammacin yau wata zai tsaya," in ji shi a hankali.

Ba mu sauka ba. Nan muka jira su.

Da sassafe suka iso, masu gatari a jere, Kawu Jatau a gaba, a tsakiya Alƙali Barmo, tsoho siriri mai kaifin ido. Aka shimfiɗa masa tabarma a kan falalen dutse, nesa da itatuwan, don alƙali ba ya zama a inuwar wanda ake tuhuma. Ya karanta laifin: tare hanya, shan ruwan marayu, shekara da shekaru. Sannan ya yi tambayar da ake yi don cika al'ada.

"Akwai mai tsaya musu?"

"Akwai, Allah ya gafarta Malam."

Duk wuya ya juyo. Alƙali ya ƙanƙance ido. "'Yar wa ce?"

"'Yar ƙanwata ce," in ji Kawu. "Sanyin sama ne ya taɓa ta."

"Yarinya, kin san sharaɗin? Wanda ya tsaya wa ɓarawo, in ɓarawon ya faɗi, tare suke faɗuwa. Ki bar Dabaro, bakinki da Idon Tsohuwa har abada."

"Na sani. Na kuma san ɗayan sharaɗin. Mai kariya ba a katse shi muddin yana tsaye yana magana, alƙali ba ya tashi sai ya gama, kowa kuma ba ya tashi sai alƙali ya tashi."

Tsohon ya shafa haɓa. "Haka yake. Ba a dai taɓa gwadawa ba."

Na fara da gaskiya tsirara, na faɗi abin da muka gani. Wani ya kama gemun bishiya, rana ta riga ta busar da shi, ya murmushe shi a gaban kowa, aka yi dariya. Na tona gindin na nuna musu danshi. Kawu ya ce, "Madalla. An kama kayan sata a ɗakin ɓarawo." Nan na gane ba baki zai yi wannan shari'a ba. Shaida ɗaya gare ni, kuma ba ta zuwa sai rana ta karkata. Na roƙi ƙorai biyu na guzuri, na ajiye ɗaya a gindin bishiya, ɗaya a kan kututture a fili. Na gyara tsayuwa.

Kai mai karatu, duk abin da aka ɗura mini a Birnin Hasumiyoyi ranar na juye shi. Na yi bayanin iskar teku da iskar tudu. Na yi na fuskokin Zanƙaram biyu. Na bi dutsen daga ƙaya zuwa ƙanƙara, tsiro-tsiro. Da ya ƙare na shiga dabarata ta dutsen niƙa mai juyawa da iska, da ta rumbun da gara ba ta ci, da ta jakar tsallake hamada. Masu gatari suka yi hamma, suka ci guzuri a gabana, wasu suka yi gyangyaɗi. Rana ta take tsaka. Inuwa ta fara miƙewa gabas, sai hammar ta koma ƙus-ƙus, ido ya koma kan Ƙofar Iska.

"Malam, lokaci," in ji Kawu. "Ina da mutane a wuyana."

"Tana tsaye, Jatau. Tana magana."

Amma maƙogwarona ya bushe ƙayau. Murya ta koma kamar ta agwagwa, sannan ta fara yankewa. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na duba tsagar, sarari fes. Alƙali ya dafa tabarma zai miƙe.

"Akwai saura, Allah ya gafarta Malam."

Cindo ne, ya dogara digata kamar sanda, ya ɗingiso ya tsaya kusa da ni.

"Cindo, zauna," in ji Kawu.

"Baba, ƙafar ce ba ta lanƙwasuwa."

"Ka san abin da kake saya?"

"Na sani. In an kore ta ita kaɗai, wa zai hana ta faɗawa rami? Kai ka ce in bi ta." Ya juya wajen alƙali. "Malam, zan ba da shaida a kan wake."

Ya kuwa ba da ita. Yadda aka wanke waken, yadda aka ɗora, abin da ya ce wa waken, abin da waken ya ƙi yi. Ya koma kan tarihin tukunyar. Yana cikin lissafa kakannin jakin da ya kawo ta garinmu sanyi ya bugi fuskokinmu.

Mutane suka zabura. "Kowa ya zauna inda yake," in ji alƙali. "Wanda bai taka ba ba ya faɗuwa." Na warware igiyata na bi su ɗaya-ɗaya kowa ya riƙe. Farin ya rufe mu. Aka yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa. Sannan daga wajen itatuwan sautin ya taso, yaf-yaf-yaf, cikinsa kuma wani ƙarami, tal, tal, tal, ruwa na faɗawa ƙwarya.

Na kama hannun alƙali na bi igiya da shi. Na kai shi kan kututture ya shafa ƙwaryar farko. Busasshiya. Na kai shi gindin bishiya, ruwa na jiƙa masa rawani. Ya tsoma yatsa a ta biyu. Ya daɗe a tsugune, kunnensa a kan tsagar dutse.

"Jatau," in ji shi, "zo ka sha."

Kawu ya lalubo ya zo. Ya ɗaga ƙwaryar ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa.

"Wannan ɗan baurin," in ji shi. "Ruwan randar uwata ne. Idon Tsohuwa ne."

Da gajimaren ya yi sauƙi har ana ganin fuskoki, Alƙali Barmo ya ƙi komawa kan falalensa. A gindin bishiya ya zauna, rawani na ɗiga, ya ce Masu Gemu ba su da laifi, su ne ma masu ƙara. Kawu yana tsaye ya ba mu baya, yana kallon filin kututturen har inda ido ya tsaya.

"To waɗannan fa, Malam? Wa zai biya diyyarsu?"

"Wanda ya sara," in ji alƙali. "Kowane kututture, dashe ɗaya. Mu ma da muka yanke hukunci za mu ɗauki fartanya."

Dashen muke yi yanzu. Amma Mai Gemu ba ya sauri, wanda aka dasa bana sai jikoki su sha ruwansa, kurmi ɗaya kuwa ba zai riƙe gari ba har zuwa lokacin. Shi ne na ce, tunda gemu ne ke tatsa, mu yi wa dutsen gemun aro. Muka kafa sandunan gora a Makabartar Itace, muka ɗaure tsoffin ragogin kaya a tsakaninsu, muka jera kwatami a ƙasa. Ranar farko Kawu da kansa ya riƙe tulun, ya cika har wuya. Zaren Idon Tsohuwa ya fara kauri, ya kai igiya. Sai dai ragar kaya idonta ya yi faɗi, duk ta garin kuma mun ɗaure ta ta ƙare. Abin da ya fi kama gajimare shi ne komar masunta mai ƙananan ido, mu kuwa ba mu da kogi balle masunci.

Saboda haka, kai da ke zaune a bakin ruwa, in kana da tsohuwar koma da ta yage ta daina kama kifi, kada ka ƙona ta, kada ka bar wa ɓera. Naɗe ta, ka ba duk ayarin da ya nufi Tamburma, ka ce a kai Dabaro, rumfar Jatau. In kuma ƙafarka na da ƙarfi, ka kawo ta da kanka, ka taho da bargo. Sandunan suna nan a kafe, gajimare yana wucewa ta tsakaninsu kowace yamma.